Ƙusa a Cikin Toka

Kututture kawai wani malami ya tarar a inda tsamiyar mahaifinsu take. Shekara talatin yana koya wa ɗalibai cewa bishiya rumbu ce: kabon ɗin da ta zuƙa daga iska tana ɓoye shi a jikinta, ranar da aka ƙone ta kuma sai ta amayar da shi sama, zafi ya ƙaru, damina ta ja da baya.

Ya ci kwalar ƙaninsa.

"Kai wane irin azzalumi ne? Inuwar da Baba ya rene mu a cikinta ka ba masu gawayi? Har lanƙwasasshiyar ƙusar da yake rataye rediyonsa tana jikinta!"

Ƙanin ya zare hannun daga wuyansa a hankali. "Yaya, allo ba ya dafa abinci. Buhun gawayin da na aika maka watan jiya, har ka bugo waya kana sa mini albarka, daga sama ka zaci ya faɗo?"

"Ƙarya kake yi! Kada ka sake taka ƙofar gidana."

Ya isa gida yana huci, ya tarar da matarsa tana kwashe tokar murhu. Wani abu ya faɗi kan siminti, ya yi ƙara.

Ta ce, "Malam, dubi abin da masu gawayin nan suke haɗa mu da shi."

Ya sunkuya ya ɗauka. Ƙusa ce. Ya san lanƙwasar nan tun hannunsa bai kai gare ta ba, kuma har yanzu da sauran ɗumi a jikinta.