Rigar Babakura

Duk ranar Juma'a Kubura takan turara rigar mijinta. Tun da aka kai hari Bosso ta gudo Diffa da ɗiyarta A'i, ba ta sake jin ɗuriyar Babakura ba. Ranar yana can bakin tafki wajen bandar kifi. Ita kuwa abin da hannunta ya kai gare shi kawai ta sura: yarinyar, da shuɗiyar rigarsa ta zuwa masallaci.

A bukkarsu ta zana da leda, can gefen gari, takan zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turare, ta kifa kwando a kai, ta lulluɓa rigar. Haka ta saba yi masa a gida. In ƙamshin ya tashi sai ta ji kamar yanzu zai yi sallama, ya shigo yana tsokanarta wai turarenta ya fi miyarta daɗi. Kewa ba ƙaramar cuta ba ce, jama'a.

Maƙwabciyarta, tsohuwa Yakaka, ta sha yi mata magana.

"Ɗiyata, nan ba ɗakin ƙasa ba ne irin na Bosso. Kara ne da leda. Ki fito da kaskon nan waje, ki tsaya a kansa."

"Iya, a waje iska ke kwashe ƙamshin. In ya dawo, me zai sa?"

Yakaka ta juya ta koma bukkarta. Ita ma ɗanta bai dawo ba.

Wata Juma'a da hantsi, Kubura ta lulluɓa rigar ke nan sai ta ji mata suna cewa mota ta kawo mutane daga tsibiran tafki, suna tasha. Ko takalmi ba ta tsaya nema ba. A'i na wasa a ƙofar Yakaka, kaskon kuwa Kubura ko tuna shi ba ta yi ba.

A tasha ta bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani dogo mai irin tafiyarsa. Ta ƙwala masa kira, ya waiwayo, ba shi ba ne. Ta juyo ke nan, sai ta hango baƙin hayaƙi ta wajen unguwarsu.

Ashe iska ce ta shigo ta ture kwandon, hannun rigar ya faɗa cikin garwashi. Kafin maza su kawo ruwa da yashi, wutar ta lashe bukkarta, ta haɗa da ta Yakaka da na wasu bayin Allah da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

A asibiti Kubura ta tarar da A'i, hannuwanta biyu naɗe da bandeji. Likita ya ce da wuya yatsun dama su sake miƙewa.

"Me ya shigar da ke, A'i? Me ya kai ki cikin wuta?"

"Inna, rigar Baba na je cirowa," in ji yarinyar. "Na san in ta ƙone za ki yi ta kuka."

Kubura ta kifa fuskarta a kan 'yarta tana kuka. A gashin yarinyar, ƙarƙashin ƙaurin hayaƙi, har yanzu da sauran ƙamshin turaren.

'Yan uwa, garwashi bai san uzurin kowa ba. Kasko ko murhu, kada a ajiye shi kusa da zana ko tufafi, kuma kada a fita a bar shi da wuta. A koya wa yara cewa in gobara ta tashi su gudu waje, kada su koma ɗauko komai.