Bokiti Biyu na Kunun Aya

Na sha jin ana ba da labarin mai kunun ayar nan a gidajen biki, kuma kusan kullum ɓata shi ake yi. Wasu su ce ƙazama ce, wasu su ce rowa ce ta hana ta sayen sabon soso. Ko ɗaya ba gaskiya ba ne. Da ƙazama ce, da ban ɓata bakina a kanta ba, domin kowa ya san ƙarshen ƙazami. Matar nan tsaftarta har tsegumi take jawo mata, kuma ba a san ta da rowa ba. Ku natsu ku ji yadda abin ya kasance.

Sana'arta kunun aya, tana kai wa wani mai shago a bakin titi, kuma da wannan take riƙe gidanta. Da ciniki ya buɗe, sai ta shiga babbar kasuwa wurin 'yan sari, ta sayo soson wanke-wanke dila guda, duk launi ɗaya, kore shar. Ta ware ɗaya na tukwane, ɗaya na katakon da take yanka nama da kifi, ɗaya kuma na bokitan kunu. Niyyarta ta yi kyau. Sai dai kamanninsu ɗaya, kuma duk wanda aka gama aiki da shi, kwano guda na ruwan sabulu ake tsoma shi ya kwana. Ba a jima ba ita kanta ta kasa bambance su. Hakan bai dame ta ba, domin a ganinta abin da ya kwana cikin sabulu ya fi komai na gidan tsarki.

Sai kunu ya fara tsami tun kafin azahar. Ta sauya mai sayar mata da aya, bai daina ba. Ta sauya injin markaɗe, ta sauya ruwa, ta sayi sabon ƙyallen tata, duk a banza. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne, ranar da ta fi dirzar bokitan, ranar ce kunun ya fi saurin lalacewa. Maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga ta ce, "Maman yara, wannan ba laifin aya ba ne, baki ne. Ki nemi hayaƙi tun da wuri." Mai shago kuwa ya mayar mata da gorunan da suka kumbura, ya ce, "Hajiya, ni ina jin kunyarki, amma masu saye ba sa jin tawa. In na gobe ma ya dawo, kada ki ƙara wahalar da kanki."

Washegari ta wanke bokiti na farko da sosonta na kullum. Tana gamawa ya suɓuce ya faɗa makwarara. Ba ta yarda ta ɗauke shi ba, sai ta zaro sabo busasshe daga cikin dilar, ta wanke bokiti na biyu. Ta raba kunun gida biyu, ta rufe, ta zauna jiran mai ƙanƙara, shi kuwa bai iso ba sai da rana ta take. Ta buɗe bokiti na biyu, ta tarar da kunu kwance fari tas, yana ƙamshin dabino da kanumfari. Ta buɗe na farko, sai ta ja da baya. Babu wuta a ƙarƙashinsa, babu muciya a cikinsa, amma ga shi yana motsi da kansa. Kumfa na tasowa daga ƙasa tana fashewa a hankali, kamar wani abu na numfashi a ciki. Aya ɗaya, ruwa ɗaya, hannu ɗaya.

Ta je kwanon sabulu ta ciro sauran biyun. Ta matse ɗaya ta kai hanci, sai ga ƙarnin kifin da aka daɗe da cinyewa yana ɓoye a bayan ƙamshin sabulu. Ta yaga shi, ta ga cikinsa ya yi toka-toka, yana yauƙi. Nan ta zauna a kan turmi tana ta subhanallahi. Abin da bai fi tafin hannunta ba, ashe gari ne guda, cike da halittun da ido ba ya gani, suna ci, suna hayayyafa. Kowace safiya ita ce ke kwasar su da hannunta mai tsafta tana shafe bokitinta da su. Mai wanke kowa, shi ba a taɓa wanke shi ba.

Bokiti na biyu kaɗai ta kai shago, kuma ko gora ɗaya ba ta dawo ba. Daga ranar ta ɗaura baƙin zare a soson nama, farin zare a na kunu. Ta kife kwanon sabulun. In an gama aiki, ta ɗauraye soso da tafasasshen ruwa, ta matse, ta rataye kowanne a ƙusarsa inda rana ke bugu. Wanda ya fara laushi ko ya sauya wari, ba ta jayayya da shi, tun da dilar tana nan a rufe a saman kantar ɗakinta, nesa da lema. Hayaƙin maƙwabciya kuwa ba a taɓa kunna shi ba. Gaskiyar magabata ne da suka ce, ruwa ba ya tsami banza.

Saboda haka, ke da kike saurare, tashi yanzu ki ciro sosonki daga cikin ruwa, ki matse shi, ki kai hanci. In kin ji wani abu bayan sabulu, jefar da shi, ki ɗauko sabo.