Gangar Iya Aila

Mutane kan ce in Iya Aila ta kaɗa gangarta, bareyin ƙanƙara da mutanenta ke kiwo da kansu suke dawowa gida. Tun da zafi ya koro mu daga ƙasarmu zuwa ƙasar su Iya Aila, doka ta ce mai kiran iskoki ɗaya tak a gari. Ita aka zaɓa, garayata kuwa tana rataye.

Ranar da za a tara garken bareyin, ta ba ni gangar in ɗumama fatar. Sai don hassada na shafa wa fatar ruwa. Ta kaɗa, babu amo. Garken bai dawo ba, ga guguwa ta taso.

"Tabawa, kira mana naki iskokin," in ji ta.

Amma nawa iskokin ba su biyo ni nan ba.

Na ce, "Iya, ni na jiƙa gangar. Ki yafe mini."