Hukuncin Farfesa Ɗari-Tara

Wace cuta suke bincike a kai a cibiyarmu, ta kwance mini. Ko ta hanta ce ko ta ƙoda. Yadda aka yi takardar da ta jawo maganar ta faɗo hannun farfesan ma ya tafi da sauran abubuwan da tsufa ya kwashe. Amma mutumin ina ganinsa kamar yanzu.

Ɗari-Tara muke ce masa, don adadin maƙalun da ke ɗauke da sunansa. Al'adar cibiyar ce: duk abin da yara masu bincike suka rubuta, sunan maigidan ɗakin gwaji ke zuwa ƙarshe, shi ne uban aikin. Yaransa kuwa sun fi kaza ƙwai. A bakin lif yake sa musu hannu, biro a dama, waya a kunne. Da safe kafin ya gaida matarsa sai ya duba mutum nawa suka ambace shi a maƙalunsu cikin dare.

Kujerar darakta ta faɗi. Masu nema biyu: shi, da wata farfesa da ake kira Uwar Ɓeraye, don irin ɓerayen gwajin da take kiwo babu su sai a ɗakinta da nasa.

Ana cikin haka wata mujalla ta aiko masa maƙala ya tantance, an rufe sunayen marubuta kamar yadda aka saba. Yana ganin irin ɓerayen ya gyara zama: lallai ta Uwar Ɓeraye ce. Maƙalar ta ambace shi a kusan kowane shafi.

"Daɗin baki take mini," ya ce wa mataimakinsa. "Allah ya kawo tsuntsu daga sama gasasshe."

Mataimakin ya leƙa shafin farko, ya ɗauki jakarsa, ya fita da sauri.

Ɗari-Tara ya karanta ta kalma-kalma, abin da ya shekara bai yi wa wata takarda ba. Ya kuwa samu: hoton ƙwayar halitta guda, an juya shi, an maimaita a wuri uku da sunan gwaji uku.

Ya rubuta wa edita da zafi. Ya ce kada a taɓa yaran, yaro ba ya sata sai maigida na barci. Wanda sunansa ke ƙarshe shi za a kama, a sanar da hukumarsa, kada a ba shi ko shugabancin kejin ɓera. Ya roƙi a buga sunayen kowa ya gani.

Editan ya yi duk yadda aka ce.

Ranar da aka naɗa Uwar Ɓeraye darakta na yi zaton kaina ne ya sake rikicewa. Sai na tafi ɗakin karatu da tabarauna, na sa aka buɗe mini sanarwar mujallar, na bi sunayen da yatsa. Nata babu. Na ƙarshe kuwa, na Ɗari-Tara ne.