Kwalayen Sun Rigayi Zaɓe

"Kwali ɗari nake so, yanzu-yanzu!" Ɗan takarar da aka kayar jiya ne ya faɗo shagon mai buga takardu yana huci. "Ka rubuta: An yi maguɗi! A bincika! Jama'ata na bakin titi suna jira."

Mai shago ko inji bai kunna ba. Ya sunkuya bayan kanta, ya jawo wani ɗauri, ya kaɗe ƙura. Ga rubutun nan ja wur a jikin kwalaye, yadda aka faɗa.

"Kai! Boka ne kai?"

"Ina! Ranka ya daɗe, abokin karawarka ne ya sa na buga tun kafin zaɓe. Da ya ci, bai dawo ba."

"Me ya sa ya buga?" in ji ɗan takara.

"Cewa ya yi ya san halinka na maguɗi. Ashe bana ya riga ka."