Wayar Inna

"Inna, mi na yi maki da ba ki ɗaukar kirana?" Ko takalmi ban cire ba na jefa mata tambayar.

Kafin in saya mata wayar nan, babu mai sharhin waya a intanet da ban kalla ba. Wannan ya yabi kyamararta, wancan ya rantse da sirantarta, wani har cikin ruwa ya tsoma ta. Na aika mata ita ƙauyenmu Tafoki ina ji da kaina. Tun daga ranar, kira yana shiga amma ba a ɗauka, har na baro garin Kankara da fushi na nufo gida.

Ta ture kwaryar masarar da take ɓarewa, ta kwance wayar daga cikin wani sabon ɗankwali.

"Kira ni yanzu."

Na kira. Hotona ya cika gilashin. Ta ɗora yatsa ta shafa, ta sake shafawa, wayar ba ta ko motsa ba. Fartanya da taɓarya sun yi wa yatsunta kanta, gilashi ba ya jin su. A cikin masu surutun nan duka, babu wanda ya taɓa gwada waya da irin hannun da ya raine ni.

"Gobe zan sayo maki mai maɓalli," na ce.

Ta riƙe wayar gam a ƙirjinta.

"Sayo, amma ka bar mani wannan. Kullum ka kira, fuskarka nake shafawa har ta ɗauke."