Tsohuwar Hanyar Raƙuma

Tun daga gindin dutsen Hada, a wajen garin Makka, Abdulbaƙi ya ƙi yarda Hudaifa ya biyo bayansa. In Hudaifa ya rage tafiya, sai shi ma ya durƙusa yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Ayman, na ukunsu, yana gaba da sanda, yana nuna musu tsohuwar hanyar raƙuma mai hawa har wani tafki da ke can sama.

Abdulbaƙi yana da dalilin tsoro. Bayan Hajjin bara, shi ya kira hukuma ya tona asirin Nasiha, uwar Hudaifa, mai tuwo da masa a wani lungu na unguwar Jarwal a Makka. Ba ta da igama, takardar izinin zama. Aka kwashe ta da tukwanenta a kan wuta, aka mayar da ita Kano, garin da ta baro tun tana budurwa. Duk don me? Don ya kafa teburin shayinsa a lungun. Marar kunya, shi kansa aikin Umara ya zo ya maƙale, ko ƙyallen takarda ba shi da shi, kuma a kwanon matar nan ya fara cin abinci a Makka.

Da wayar Ayman ya yi kiran, ya ce tasa ba caji. Ayman haifaffen unguwar Misfala ne, mai katin ɗan ƙasa, Hausarsa ma rabi Larabci ce. Ina ruwansa da rigimar 'yan Takari? Ya ga lambar da aka kira a wayarsa, bai ce uffan ba, har yau. Shi ya sa da ya kawo shawarar su je su kwana a dutse don Hudaifa ya ɗan sake, Abdulbaƙi ya amince. Ƙin zuwa ma ai tona kai ne.

Da suka biya ɗaukar Hudaifa da safe, Asma ƙanwarsa ta fito zaure da kular abinci, kanta ko ɗankwali babu, tana tsokanar Ayman. Tana hango Abdulbaƙi ta koma da baya ta yafo mayafi. Abdulbaƙi ya taɓe baki a ransa: mai kati ai ko'ina gidansu ne.

Sai da suka wuce alamar iyakar Harami gabansa ya fara faɗuwa. A cikin Makka ko tsuntsu ba a taɓawa, balle mutum. Nan kuwa waje ne. Hanya ta tsuke, gefenta rami ne da ba a ganin ƙarshensa, birai na zaune kan duwatsu suna kallonsu.

Da la'asar suka isa tafkin. Ruwa kore shar a bayan wani tsohon bangon dutse, sanyi na ratsa riga. Hudaifa ya zauna a bakin ruwa yana wasa wuƙar yanka nama a kan dutse, a hankali. Ayman ya hau wani tudu neman sabis, ya daɗe, ya dawo yana cewa sai can sama ake samu.

Bayan sallar isha ya ja Abdulbaƙi gefe.

"Ya habibi, ina jin ya sani," in ji Ayman a hankali. "Kada ka yi barci. Kwanta bayana."

Abdulbaƙi bai runtsa ba. Duk juyin da Hudaifa ya yi cikin bargo sai ya ɗaga kai ya duba. Ya yi ta sa wa Ayman albarka a zuci.

Kafin gari ya waye Ayman ya taɓa ƙafarsa. Suka sulale, suka bar Hudaifa yana minshari. Ba hanyar jiya suka bi ba. Ayman ya ce akwai wata gajeriya da ke fita kan kwalta, ya riga ya yi waya, akwai masu jiransu da mota. Ya karɓar masa jaka, ya riƙe masa hannu a wurare masu santsi, har ruwan gorarsa ya ba shi ya shanye.

Suna zagayo dutsen ƙarshe, ga kwalta, ga mota. Ta 'yan sintiri ce, biyu a tsaye, hannu a ƙugu. Baya dutse, gefe rami. Ayman ya miƙa katinsa, aka duba aka mayar masa. Aka juyo kan Abdulbaƙi aka ce, igama.

Sai da aka tura shi cikin motar bakinsa ya buɗe.

"Ayman, me na yi maka? Hudaifa ne ya sa ka?"

"Hudaifa bai san komai ba. Kewar uwarsa ce kawai ke cinsa."

"To kai ina ruwanka? Uwarka ce?"

Ayman ya ajiye masa jakar a kan cinya, ya sunkuyo daidai tagar.

"Ka taɓa ganin Asma ta rufe kai a gabana? Uwata wurin haihuwata ta rasu. Nonon Nasiha na sha, ni a dama, Hudaifa a hagu."